Manifol Na Asali Ko Na Kasuwa: Zaɓin Mai Neman Ƙara Wa Injin Mota Ƙarfi

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe a tsakanin masu sha'awar motoci, watau mutum ya kwance injin motarsa, ya sake haɗa shi da waɗansu sababbin kayayyaki don ya fi yadda kamfani ya ƙera shi ƙarfi da gudu. Waɗansu don tsere suke yi, waɗansu kuwa don marmari kawai. Daga cikin kayayyakin da aka fi saurin canzawa akwai wanda makanikai ke kira manifol, watau bututun nan mai rassa da ke raba iska zuwa silindojin inji. Tambayar da ke gaban mai irin wannan aiki ita ce, shin ya bar na asali wanda ya zo da motar, ko kuwa ya sayi na kasuwa wanda wani kamfani dabam ya ƙera? Wanda ya yi zaɓen tumun dare a nan zai kashe kuɗinsa, sa'an nan ya wayi gari da motar da ta fi da nauyin jiki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda manifol ke aiki, ta kuma nuna cewa babban abin da yake yi shi ne ya tsai da inda ƙarfin inji zai zauna, ko a ƙaramin juyi ko a babba. A kan wannan ne zaɓin ya rataya.

2.0 Aikin Manifol

Injin fetur numfashi yake yi. Kowace silinda tana shaƙar iska, ta matse ta, ta ƙona ta tare da mai, sa'an nan ta fitar da hayaƙi, kuma tana cika waɗannan matakai huɗu a cikin juyi biyu na inji. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska. Ƙara mai abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen shigar da isasshiyar iskar da za ta ƙona shi.

Bari mu ɗauki injin Chevrolet mai silinda 8 da girman lita 5.7, wanda ya fito daga zuriyar injin da kamfanin ya fara sayarwa a 1955. In yana juyi 6,000 a minti, kuma silindojinsa suna cika maƙil, zai zuƙi lita 17,100 ta iska a kowane minti. Kowace silinda za ta shaƙa sau 50 a daƙiƙa guda. Duk wannan iska ta cikin manifol take bi.

Manifol yana da sassa biyu. Na farko shi ne wurin da iska ke taruwa bayan ta wuce kafireta ko bakin totur, wanda za mu kira zaure. Na biyu su ne rassan da suka tashi daga zauren, kowanne ya nufi bawul ɗin silindarsa. Girman zauren, da tsawon rassan, da faɗinsu, su ne ke bambanta wani manifol da wani.

3.0 Tsawo Da Faɗin Rassa

Kowa ya san kakaki da sarewa. Kakaki dogo ne, muryarsa tana da kauri, sarewa kuwa gajera ce, muryarta siririya. Dalili shi ne iskar da ke cikin dogon bututu a hankali take kaɗawa, ta cikin gajere kuwa da sauri. Haka abin yake a reshen manifol. Idan iska tana gudu zuwa silinda sai bawul ya rufe farat ɗaya, iskar takan cushe a bayansa. Wannan cushewa sai ta koma baya cikin reshen da saurin sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa, ta isa zaure, ta yi ta kai da kawowa. In dawowarta ta dace da lokacin da bawul yake buɗe, sai ta tura ƙarin iska cikin silinda ba tare da an biya ko kwabo ba.

To, saurin sauti ba ya bin umurnin direba, amma saurin inji kullum canzawa yake yi. Saboda haka kowane tsawo yana da juyin da ya dace da shi. Dogon reshe yana taimakon inji a ƙaramin juyi, gajere kuwa a babban juyi. Haka nan faɗi. Siririn reshe yana sa iska ta yi gudu ko da inji yana tafiya a hankali, amma yakan shaƙe shi in juyi ya yi sama. Faffaɗan reshe yana barin iska mai yawa ta wuce, sai dai a ƙaramin juyi takan yi sanyin jiki, har mai ya riƙa kwantawa a bangon bututun in injin mai kafireta ne.

Tarihin motocin Amurka ya ba da misalai. A 1960 kamfanin Chrysler ya fitar da motarsa 300F da rassa masu tsawon inci 30, kimanin santimita 76, waɗanda suka gitta kan injin, ta yadda kafiretar da ke dama ita ce ke ciyar da silindojin hagu. Ƙarfin murɗawar injin yakan kai ƙololuwa tun a juyi 2,800, inda direba ya fi bukatarsa wajen wuce wata mota. Haka kuma Corvette ta 1985 ta zo da dogayen rassa, tana da ƙarfin doki 230, tana fizga da kyau daga tsaye, amma numfashinta yakan ƙare tun kafin juyi 5,000. Da aka sake injin a 1992, gajerun rassa suna cikin abubuwan da aka canza, ƙarfinsa ya kai doki 300 a juyi 5,000.

4.0 Mai Zaure Biyu Da Mai Zaure Ɗaya

A injuna masu silinda 8 da ke aiki da kafireta, manifol iri biyu ne. Na farko an raba zaurensa gida biyu. Injin Chevrolet da muka ambata yana tashin silindojinsa bi da bi kamar haka: 1, 8, 4, 3, 6, 5, 7, 2. Rabin zaure ɗaya yana ciyar da 1, 4, 6 da 7, ɗaya rabin kuwa 8, 3, 5 da 2. Ta haka silindar da ke shaƙa ba ta ƙwace iskar wadda ke bi mata, kafireta tana jin zuƙa mai ƙarfi, inji kuma yana zama lafiya in an tsaya. Na biyu zaurensa ɗaya ne buɗaɗɗe, da gajerun rassa miƙaƙƙu. Wannan na filin tsere ne.

Kamfanin Edelbrock ya isa misali. Wanda ya kafa shi, Vic Edelbrock, makaniki ne a Los Anjalis, kuma a 1938 ya ƙera manifol mai ɗaukar kafireta biyu don injin Ford mai silinda 8. Daga cikin waɗanda kamfanin ya ƙera wa ƙaramin injin Chevrolet akwai Performer, mai zaure biyu, wanda aka tsara daga juyin tsayuwa zuwa 5,500. Da Performer RPM, shi ma mai zaure biyu, daga 1,500 zuwa 6,500. Da Victor Jr., mai zaure ɗaya, daga 3,500 zuwa 8,000. Mai karatu ya lura, abin da kamfanin ya rubuta wa kowanne shi ne iyakar juyin da yake aiki a ciki. Wanda ya ɗora Victor Jr. a motar zuwa aiki, wadda da wuya ta haura juyi 3,000, garin neman ƙiba ya samo rama.

5.0 Darajar Na Asali

Masu tallan kaya sukan nuna kamar manifol na asali cikas ne kawai. Gaskiya ne injiniyan kamfani yana da iyayen giji da yawa. Dole injin ya tashi da sanyin safiya, ya sha mai kaɗan, ya rage ƙara, ya bi dokar hayaƙi, ya shiga ƙarƙashin bonet, kuma ya yi arha. Shi ya sa tsofaffin manifol na ƙarfen zubi suke da nauyi da ƙuntatattun hanyoyi, har da wata kafa da hayaƙi mai zafi ke bi don ɗumama mai. Wannan ɗumi yana da amfani da hunturu, amma yana rage ƙarfi, domin duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana rage kaurin iska da kimanin kashi 3 cikin 100.

Amma zamani riga ne. Injin LS1 da ya fito a Corvette ta 1997 da manifol na roba mai tauri ya zo, mara nauyi, mai santsin ciki, wanda ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Wanda aka yi wa ƙanensa LS6 a 2001 ya yi kyau har masu LS1 na farko suka riƙa nemansa suna ɗorawa. Haka masu Ford Mustang suka yi da manifol mai gajerun rassa na Boss 302 ta 2012. Ke nan wani lokaci abin da ake nema yana cikin gida.

Bugu da ƙari, kamfanoni sun samo dabarar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, watau manifol mai sauya hanyar iska gwargwadon juyi. Toyota ta sa irin wannan a injinta 4A-GE a 1983, inda ake rufe rabin hanyoyin a ƙaramin juyi. Motar tseren Mazda 787B da ta ci gasar Le Mans a 1991 rassanta miƙewa suke yi suna taƙaicewa. Wanda ya cire manifol mai wannan dabara ya sa mai tsawo ɗaya tak, ya san ya sayar da rabi ne ya sayi rabi.

6.0 Lokacin Da Na Kasuwa Ya Cancanta

Manifol ba shi kaɗai yake aiki ba. Iskar da ta bar shi sai ta bi ta hanyoyin kan inji, ta wuce bawul ɗin da kamshaf ke buɗewa, daga baya hayaƙi ya fita ta salansa. In ƙuncin yana kan inji, faɗaɗa manifol kamar faɗaɗa zaure ne a bar ƙofar shiga gida yadda take. Amma idan an riga an sa kamshaf mai daɗewa da bawul a buɗe, an gyara kan inji, an buɗe hanyar hayaƙi, ko an ƙara wa injin girma, to a nan na asali ya zama shi ne maƙogwaron da ya matse, na kasuwa kuwa zai biya kuɗin sabulu. Haka nan mai tsohon inji da manifol na ƙarfen zubi yakan ci riba in ya koma na alminiyam mai zaure biyu, ko don sauƙin nauyi, tun da nauyin alminiyam bai kai rabin na ƙarfe ba.

Kafin a saya, akwai abubuwa huɗu da ya kamata a duba. Na farko, juyin da motar ke yini a cikinsa, tare da nauyinta da irin giyarta, domin mota mai nauyi ƙarfin fizga daga ƙasa take so. Na biyu, iyakar juyin manifol ta yi daidai da ta kamshaf. Na uku, bakin rassa ya dace da bakin hanyoyin kan inji, tsayinsa kuma ya bar bonet ya rufu. Na huɗu, doka. Dokar tsabtar iska ta Amurka ta hana taɓa na'urorin rage hayaƙi a motar da ke bin titi, a jihar Kalifoniya kuwa sai kayan da hukumar kula da iska ta jihar ta ba lambar amincewa. Bayan an ɗaura, dole a sake daidaita kafireta ko kwamfutar injin, in ba haka ba iska za ta rinjayi mai, injin ya yi zafi.

Har ila yau, in an kai injin wurin na'urar auna ƙarfi, kada idon mutum ya tsaya a kan lamba mafi girma. Ya dubi sakamakon daga ƙasa har sama. Manifol ɗin da ya ƙara ƙarfi a juyi 6,500 amma ya rage a 2,500 riba ne ga ɗan tsere, hasara ce ga mai bin titin gari.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa tsawon rassa da faɗinsu da girman zaure su ne ke tsai da juyin da inji zai fi numfashi a cikinsa. Na asali an yi shi ne don tafiyar yau da kullum, kuma a injunan zamani yakan isa har sai an yi nisa da gyara. Na kasuwa yana da ranarsa idan sauran sassan injin sun riga sun fi ƙarfin na asali, aka kuma zaɓe shi bisa juyin da motar za ta yi aiki. Don haka mai haɗa inji ya fara tambayar kansa inda motar za ta, da irin juyin da za ta riƙa yi, sa'an nan ya shiga kasuwa. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.