Ba kowane jan ganye ne cuta ba

A gidajen Jos, Kaduna da Abuja ana yawan dasa itatuwa masu ganye kamar allura, kuma da zarar sun fara ja sai maigida ya aika a sayo maganin feshi. Sau da yawa asarar kuɗi ce, domin bai ma san wace bishiya ce a gabansa ba.

Ciro ganyen ka duba. Na fain, irin Pinus caribaea da aka dasa a dajin Afaka kusa da Kaduna, yakan fito uku-uku a ɗaure daga tushe ɗaya. Idan kuwa ka ja shi ya tsinke gaɓa-gaɓa, Casuarina ce. Ita ba dangin fain ba ce sam. Abin da kake gani siraran rassa ne, ganyenta na ainihi ƙananan haƙora ne a kowace gaɓa. Thuja da saifires kuma ganyensu ɓawo-ɓawo ne, manne da reshe.

Bayan suna, sai wurin da jan yake. Idan can ciki ne kusa da gangar jiki, bakin rassa kuma kore shar, tsohon ganye ne ke zuba, kuma haka halittarta take. Idan gefe ɗaya ne ya ƙone, wanda ke fuskantar arewa maso gabas, tuhumi iskar hunturu. Bishiyar da ta dusashe gaba ɗaya kuwa, galibi matsalarta a ƙasa take: ko gara, ko saiwa ta ruɓe saboda yawan ban ruwa. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni takaici, don ƙauna ce ke jawo shi. Mai lambu ya ga ganye ya yi yaushi, sai ya ƙara ruwa.

Ƙwari ma suna ɓarna, ba wasa ba. Darɓar saifires ta ɓulla a Malawi a 1986, ta kai Kenya a 1990, ta busar da gandaye da shingayen gidaje. Alamarta danƙo a reshe da baƙin da ke biyo bayansa. Don gano mitsi-mitsin ƙwarin da ke tsotse ganye lokacin rani, shimfiɗa farar takarda ka kaɗa reshe a kai. Idan ɗige-ɗige suna motsi, su ne.

Wajen aski kuma a yi hattara. Thuja da saifires ba kasafai suke toho daga tsohon icen da ba shi da ganye ba, saboda haka almakashi ya tsaya inda kore ya tsaya.