Daga Lafiya zuwa Ƙudus: mece ce wannan katangar da Yahudawa ke addu'a a jikinta?

Ni mutumin Lafiya ne, Kirista, kuma na daɗe ina kai doya kasuwar Mile 12 a Legas. Da na dawo daga ziyarar Urushalima, wato Ƙudus, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Oktoban 2023, na nuna wa wani Alhaji abokin cinikina hotunana. Da ya gan ni da 'yar hula a tsakiyar kai a jikin wata katanga, sai ya ce, "Malam, coci ka je ko Yahudanci ka shiga? Wannan ba Masallacin Aƙsa ba ne?" Na lura mutanenmu da yawa a Agege da Sabon Ibadan haka suke tambaya, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani.

Da farko, yadda ake tafiyar. Kamar yadda Musulmi ke da hukumar alhazai, Kiristoci ma suna da tasu ta tarayya, NCPC, wadda aka kafa a 2007, jihohi kuma suna da nasu ofisoshin. Namu na Nasarawa yana Lafiya. A ayari ake tafiya, kowace bas da ɗan jagoranta, kuma ba a yarda kowa ya ware shi kaɗai ba. Yawancin wuraren na tarihin Yesu Almasihu ne, irin su Baitalami da Nazarat, amma ana haɗawa da wuraren Yahudawa.

Babban cikinsu shi ne Katangar Yamma. Ba masallaci ba ce, kuma ba bangon Haikalin kansa ba ce. Sarki Hirudus ne ya faɗaɗa filin Haikalin Yahudawa wajen shekara 20 kafin haihuwar Almasihu, ya tokare tudun da manyan duwatsu. Romawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70 miladiyya, katangar tokarewar ta tsira. Shi ya sa Yahudawa ke zuwa nan addu'a. Maza da mata kowa da ɓangarensa, kuma duk namijin da zai matso sai ya rufe kansa, ko shi wane addini ne. Hular da Alhaji ya gani ke nan, a bakin wurin ake ɗauka kyauta. Mutane suna rubuta addu'a a takarda su cusa tsakanin duwatsun. Sau biyu a shekara ake kwashe takardun a binne su a Dutsen Zaitun.

To, ga inda maganar Alhaji take da tushe. A saman wannan tudun harabar Aƙsa take, kuma Musulmi suna kiran katangar Bangon Buraƙa, saboda tarihin Isra'i da Mi'iraji. Ƙubbar nan mai ruwan zinare da kuke gani a hoto ita ce Ƙubbatus Sahra, wadda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya gina wajen shekara ta 691. Mai ƙubba ruwan toka a kudancin harabar shi ne masallacin Ƙibli. Hukumar waƙafi ta ƙasar Jodan ce ke kula da harabar. Wanda ba Musulmi ba yana shiga ne ta Ƙofar Magariba kaɗai, a wasu sa'o'i da aka ƙayyade, ban da Juma'a da Asabar.

Shi ma faffaɗan filin da muka tsaya a gaban katangar yana da labari. Unguwar Magariba ce a da, ta Musulmin da suka zo daga Arewacin Afirka. Isra'ila ta rushe ta a watan Yunin 1967, kwanaki kaɗan bayan ta ƙwace tsohon birnin. Wanda ya san haka, tsayuwarsa a wurin ba za ta zama ta ɗaukar hoto kawai ba.

A Dutsen Sihiyona an kai mu inda ake cewa kabarin Annabi Dawuda ne. Yahudawa na addu'a a ƙasa, a bene kuma akwai ɗakin da Kiristoci ke cewa nan Yesu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa. A cikin ɗakin har yau akwai mihrabi, don ya taɓa zama masallaci zamanin Daular Usmaniyya.

Daga nan muka gangara Tekun Gishiri, wanda ya yi ƙasa da matakin teku da fiye da mita 400. A Kumran ne makiyaya Larabawa suka tsinci tsofaffin naɗaɗɗun littattafan Yahudawa cikin tuluna a kogo, wajen 1947. A Masada kuwa, ganuwar Hirudus a kan dutse, marubucin tarihi Josephus ya ce Yahudawa 960 ne suka zaɓi mutuwa da su faɗa hannun Romawa. Sai Yad Vashem, gidan tunawa da Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitler ta kashe. Da muka fito, bas ɗinmu ta yi tsit.

Abin da na ajiye wa Alhaji a ƙarshe shi ne labarin zango. Dab da Ƙofar Majalisa ta harabar Aƙsa akwai unguwar baƙar fata, jikokin mahajjata daga Najeriya, Chadi, Sudan da Senegal waɗanda suka biyo ta Ƙudus suka yi zamansu. Akwai masu asalin Hausawa a cikinsu. Yau Falasɗinawa ne, kuma duk wahalar da ake sha a birnin da su ake sha.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe har can muna da Sabo." Bai sauka daga ra'ayinsa kan Falasɗinu ba, ni ma ban nemi ya sauka ba. Ya dai karɓi man zaitun da na kawo masa tsaraba, muka koma lissafin doyarmu.