Zafin Rana da Leburorin Gini a Katar

Tsakanin Yuni da Satumba, zafi a ƙasar Katar yakan wuce digiri 40. Jikin mutum yana huce zafinsa ne idan gumi ya bushe. Amma iskar bakin teku tana da laima, don haka gumin ba ya bushewa da wuri. Sai lebura ya fara jin ƙishirwa da ciwon kai da jiri. In zafin jikinsa ya haura digiri 40, yana iya ruɗewa, ya suma, ko ma ya rasa ransa.

Shi ya sa a shekarar 2021 gwamnatin ƙasar ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.