Rawar Inzayim Wajen Gabatar da Antijin ga Garkuwar Jiki

Ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T ba sa gane ƙwayar cuta a cikakkiyar surarta. Sai an daddatsa furotin ɗinta, an ɗora guntun a kan wani mazubi mai suna MHC da ke fatar tantanin halitta, sannan su shaida shi. Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka nuna a 1974 cewa ganewar ƙwayoyin T ta rataya a kan wannan mazubi, aikin da ya ba su lambar Nobel a 1996. Masu daddatsawar kuwa su ne inzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai a cikin tantani.

Hanya ta farko ta shafi abin da aka ƙera a cikin tantanin kansa, kamar furotin ɗin bairos. Wani curin inzayim mai siffar ganga, furotiyasom, shi ke yanka shi. Daga nan TAP ya shigar da guntayen wani sashe na tantani, inda inzayim ɗin ERAP1 ke rage musu tsawo zuwa amino asid 8 zuwa 10, daidai bakin mazubin MHC na ɗaya. Ƙwayar CD8 da ta ga baƙon guntu sai ta kashe tantanin. Wannan ne ya sa wasu bairos, irin su hafis, suke toshe TAP domin su ɓuya.

Hanya ta biyu ta abin da tantani ya haɗiyo daga waje ce, kuma a ganina ta fi ban sha'awa. Ana narka shi a cikin wasu jakunkuna masu tsami, inda inzayim dangin katefsin ke aiki. Mazubin MHC na biyu yakan iso wurin bakinsa a toshe da wani furotin, don kada ya ɗauki abin da ba shi ba a hanya. Katefsin S na cikin masu yanke marfin, HLA-DM kuma ya cire ragowarsa, sannan guntun antijin ya zauna a nuna wa ƙwayoyin CD4.

Tsamin nan sharaɗi ne. Kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro da kowa ya sani a ƙasar Hausa, yana rage tsamin jakunkunan, sai katefsin su kasa aiki sosai. Da shi Ziegler da Unanue suka nuna a 1982 cewa dole a narka antijin kafin a gabatar da shi, kuma ɗan'uwansa haidurokisikulorokwin yana cikin magungunan da ake ba masu cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke far wa jikin mai ita.