Shafin Shago Ya Buɗe, Adireshin Shadda Ya Ƙi: Ina Matsalar Take?

Ciniki a Kasuwar Kongo ta New Bell, nan Duwala, ya daɗe da shiga cikin waya. Mai shadda da atamfa kan tura hoton kaya ga abokin ciniki a Garwa ko Njamena ta WhatsApp, kuɗi su shigo ta Orange Money ko MTN. Waɗanda suka ƙara gaba kan nemi wani matashi, sau da yawa ɗalibin Jami'ar Duwala da ke wajen Ndokoti, ya haɗa musu shafin intanet. Daga nan ake fara cacar baki. Alhaji mai shago ya tura adireshin wata gezna, mai saye ya taɓa, sai lamba 404 ta fito, wai babu wannan shafi. Alhaji ya shiga ta farkon shafin a wayarsa, ga gezna nan ras. Ba laifin sabis ba ne, ba kuma sammu ba. Wanda ke nuna hanya ne ba ya nan.

Kowane adireshi kashi biyu ne: sunan gidan, da abin da ke biye da shi, kamar /shadda/gezna. Dole wani ya karanta kashi na biyun ya kawo abin da aka nema. Tun zamanin da Tim Berners-Lee ya fito da shafin farko a cibiyar CERN, wanda duniya ta sani a 1991, wannan aikin sabar ne, wato kwamfutar da ke ajiye da shafin. Ta duba ma'ajiyarta, in akwai fayil ta miƙa, in babu ta ce 404.

Har yau akwai masu gini a kan wannan tsari. Manhajoji irin su Jekyll, wadda ta fito a 2008, da Hugo ta 2013, suna rubuta dukkan shafuka tun kafin kowa ya nema. In kaya ɗari uku ne a shago, fayil ɗari uku za su fitar, kowanne a mazauninsa: jakar shadda, cikinta jakar gezna, cikinta fayil mai suna index.html. Ta duk inda mutum ya ɓullo, zai tarar da abu a ajiye.

Ɗaya tsarin ya samu karɓuwa bayan Gmail ta nuna wa duniya a 2004 cewa shafi na iya sauya abin da ke cikinsa ba tare da an sake loda shi ba. Sai AngularJS ta Google ta zo a 2010, React ta Facebook a 2013, Vue a 2014. A nan shafi ɗaya tak ake da shi, kusan wayam, sai tarin umarnin JavaScript da waya za ta fara saukewa. Wannan umarni shi ke zana kaya a fuskar waya, shi kuma ke sauya adireshin da kake gani a sama. Kamar ɗan benskin ne, wato ɗan acaɓa, da ke tsaye a mahaɗar Ndokoti: in ka biyo ta wurinsa, zai kutsa da kai cikin cunkoso har ƙofar da kake so. Amma taswirar a kansa take. In ka tsallake shi ka nufi /shadda/gezna kai tsaye, sabar za ta duba ta ga ba ta da komai mai wannan suna. Abin da ya sami mai sayen Alhaji ke nan.

Gyaran ba shi da wuya. Wasu kan saka alamar # a adireshi, domin duk abin da ya biyo bayanta ba a aika wa sabar, waya ce ke karantawa. Wasu kan umarci sabar da ta mayar da duk adireshin da ba ta gane ba zuwa index.html, a Netlify, ɗaya daga masu ajiye shafuka, layi guda ne a fayil ɗin _redirects. Takwararta GitHub Pages ba ta da wannan dama, shi ya sa ake kwafe index.html a sa masa suna 404.html. Dabara ce, tana aiki, amma faci ne.

Ko an yi facin, akwai sauran rina a kaba, kuma nan ne abin ya fi taɓa aljihun ɗan kasuwa. Ƙaramin hoton nan da sunan kaya da ke fitowa ƙarƙashin adireshi a WhatsApp, daga rubutun da ke cikin fayil ɗin kansa ake ɗauko su, ba a jiran JavaScript ta zana komai. In shafi ɗaya ne wayam, gezna da atamfa da leshi duk za su fito da fuska ɗaya, ko ma babu hoto sam. Wanda ya san mutanenmu ya san ba kasafai suke taɓa adireshin da ba hoto ba. Ga kuma data: mai ƙaramar Itel ko Tecno sai ya gama sauke tulin umarni kafin ya ga ƙyalle ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS da SAT-3 suka lalace, intanet ta yi ta jan ƙafa a ƙasashen yankin har da Kamaru. A irin wannan rana, shafi marar nauyi ne ke iya buɗewa.

Ba wai tsarin shafi ɗaya ba shi da rana ba. Ga littafin bashi, lissafin kaya a sito, ko duk abin da mutum zai zauna yana ta shigar da bayanai, ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Akwai ma irin su Next.js ta 2016 da ke haɗa tsarin biyu. Sai dai wasu matasanmu na ɗauko React ne don ita suka koya, ko don ita ake yayi, ba don shagon ya buƙace ta ba. Shagon da burinsa a ga kaya, a ga farashi, a kira waya, shafukan da aka rubuta tun farko sun ishe shi, ajiyarsu ma ta fi araha.

Don haka Alhaji, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, karɓi wayar maƙwabcinka a kasuwa. Tura mata adireshin kaya guda ta WhatsApp, ka ga ko hotonsa da sunansa sun fito. Taɓa shi, in ya buɗe ka sake loda shi nan take. In 404 ta leƙo, aikin bai ƙare ba, riƙe kuɗinka sai an gyara.