Gyaran Astigmatizim a Ƙasar Katagum: Tabarau, Gilashin Manne ko Tiyata

Astigmatizim matsalar gani ce da ke samuwa idan koniya, wato fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, ta kasa zama da'ira daidai, wani ɓangarenta ya fi wani lanƙwasa kamar ƙwai, ta yadda haske ba ya haɗuwa wuri guda a cikin ido, mutum ya riƙa ganin dishi-dishi na kusa da na nesa, sau da yawa har da ciwon kai.

Tabarau ne gyaran da ya fi dacewa da yawancin mutanen Azare da kewayenta, amma sai an auna ido, domin gilashin yana buƙatar ƙarfi da kusurwa na musamman ga kowane ido, dabarar da Bature George Airy ya gwada a kan idonsa a 1825. Abin takaici, tabarau na karatu da ake saye a kasuwa ba sa gyara wannan matsala ko kaɗan.

Gilashin manne, wanda ake ɗorawa a kan koniya, yana gyara gani sosai, sai dai ƙurar hunturu da zafin bazara na busar da ido, rashin tsabtar hannu kuma na iya jawo gyambon koniya. Tiyatar leza tana sake fasalin koniyar ne, tana da tsada, kuma ba a yi wa yaro ko wanda koniyarsa ta yi siriri. Wanda lamarinsa ya tsananta ana iya tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.