Sabon Edita a Tsohuwar Na'ura: Tambayoyin da Configure Yake Yi

A farkon shekarar 2024 kamfanin Microsoft ya fitar da editan rubutu na VS Code mai lamba 1.86, sai masu kula da tsofaffin sabobin Linux suka wayi gari editan ya ƙi haɗuwa da na'urorinsu. Babu abin da ya lalace a na'urorin. Sabon editan ne ya ce sai an ba shi glibc 2.28 ko wanda ya fi shi, alhali Ubuntu 18.04 tana da 2.27, CentOS 7 kuwa tana can baya a kan 2.17.

Shi glibc laburare ne na harshen C wanda kusan kowace manhaja a Linux take dogara da shi wajen buɗe fayil, neman gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura, ko fitar da rubutu a allo. Masu kula da shi suna liƙa wa ayyukan da ke cikinsa lambar fitowa. Idan aka gina manhaja a na'ura mai sabon glibc, sai ta riƙe waɗannan sababbin lambobi a jikinta, ranar da aka kai ta tsohuwar na'ura ta neme su ta rasa. Nan ne ake ganin saƙon nan da ya saba ɓata wa mutane rai: GLIBC_2.28 not found. Hanyar a gefe ɗaya take buɗe. Abin da aka gina a kan tsohon glibc yana aiki a kan sabo, amma wanda aka gina a kan sabo ba lallai ya tashi a kan tsoho ba. Kuma ba a shawartar kowa ya cire glibc na na'ura ya dasa wani da hannu, domin hatta umarnin da zai gyara ɓarnar da shi ya dogara.

Mafita, ga editan da aka saki rubutun tushensa ga kowa, ita ce a gina shi a kan tsohuwar na'urar da kanta. Manhajar da aka riga aka gina kamar ɗinkakkiyar riga ce ta kasuwa, ko ta shiga ko ta ƙi. Rubutun tushe kuwa yadi ne a hannun tela, sai ya auna mutum kafin ya sa almakashi. Wannan awon shi ne aikin configure.

Mu ɗauki Vim a kan CentOS 7. Vim edita ne da Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fara saki a 1991, ya kuma ci gaba da jagorancinsa har rasuwarsa a watan Agusta na 2023. CentOS 7 ta fito a 2014 ɗauke da Vim 7.4 na shekarar 2013, kuma a kansa ta tsaya. Wanda ya saba da sabon Vim zai ga giɓin nan da nan: Vim 8.0 na 2016 ne ya kawo gudanar da ayyuka a bayan fage ba tare da editan ya daskare ba, 8.1 na 2018 ya kawo tagar tamina a cikin editan, 9.0 na 2022 ya zo da sabon harshen Vim9. Da yawa daga cikin ƙarin kayan da ake ɗora wa Vim a yau ba sa aiki a kan 7.4.

Cikas na farko yana zuwa tun kafin a taɓa Vim. An daina tallafa wa CentOS 7 ranar 30 ga Yuni 2024, aka rufe adireshin da yum, manhajar girka kaya ta CentOS, yake tambayar inda zai sauko da kaya. Kayan suna nan a rumbun vault.centos.org, sai dai dole a gyara fayilolin da ke /etc/yum.repos.d su nuna can. Bayan haka ne za a iya girka kayan gini, wato gcc da make, a sauko da rubutun tushen Vim, a shiga kundinsa a buga ./configure.

Allon zai cika da layuka masu farawa da kalmar checking, suna ƙarewa da yes ko no. Da yawa sukan kau da kai su jira ya gama, alhali duk labarin yana cikin layukan nan. Configure doguwar takardar umarni ce da ake samarwa da Autoconf, kayan aikin da David MacKenzie ya fara a 1991, lokacin da nau'o'in Unix suka yi yawa, kowanne da halinsa. Dabararsa ita ce ba ya tambayar na'ura sunanta ko shekarunta. Gwada ta yake yi. In yana son sanin ko akwai wani aiki a laburare, sai ya rubuta ɗan ƙaramin shiri na C mai suna conftest.c wanda ba ya komai sai kiran wannan aikin, ya miƙa wa kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun tushe ya zama shirin da na'ura za ta iya gudanarwa. In ya ginu, amsa yes ce, in ya faɗi, no. Sakamakon yana shiga fayil ɗin src/auto/config.h a matsayin layuka masu farawa da #define HAVE. A cikin rubutun Vim kuma akwai rassa da aka kewaye da #ifdef: in na'ura tana da abu kaza a bi nan, in babu a bi can. Da haka rubutu ɗaya yake ginuwa a na'urori masu tazarar shekaru da yawa a tsakaninsu.

Gwajin kwamfaila ne kan gaba. CentOS 7 tana da GCC 4.8.5, wadda in ba a ce mata komai ba take karanta C bisa tsohuwar ƙa'idar 1990. Sai a GCC 5 aka mayar da ƙa'idar 2011 ta zama ta yau da kullum. Vim na yanzu yana amfani da wasu abubuwa na ƙa'idar 1999, don haka configure yakan gwada ko kwamfailar ta san su, ya ƙara mata tutar da za ta buɗe su. Idan a wata manhajar aka ga ƙorafin cewa ba a yarda da wani rubutu ba sai a yanayin C99, maganin shi ne a ƙara -std=gnu99 a cikin CFLAGS. In kuwa kwamfailar ta tsufa ƙwarai, akwai jerin devtoolset da ke ajiye sabuwar GCC a gefe ba tare da taɓa ta asali ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne laburaren tamina. Vim yana buƙatar hanyar da zai ce wa allo matsar da alamar rubutu nan, canza launi can. Configure zai nemi aikin tgetent a cikin tinfo, ya neme shi a ncurses, ya bi ta termlib da termcap da curses. In duk suka ce no, sai ya tsaya cak da saƙon no terminal library found. Abin da ke rikita mutane shi ne ncurses yana nan a na'urar, tsohon Vim ma da shi yake aiki. Amma masu shirya Linux suna raba kowane laburare gida biyu: ɓangaren da ake buƙata wajen gudanar da manhaja, da ɓangaren da ake buƙata wajen gina ta, wato fayiloli masu ƙarewa da .h da mahaɗin da kwamfaila take bi. Na biyun ba ya zuwa da kansa. A CentOS sunansa ncurses-devel, a tsofaffin Debian da Ubuntu libncurses5-dev. Haka dokar take ga Python da Lua da duk abin da ake son haɗawa da editan.

Bayan an girka abin da ya ɓace akwai wani tarko. Configure na Vim yana adana amsoshinsa a src/auto/config.cache don kada ya maimaita gwaji, saboda haka yana iya ci gaba da riƙe tsohuwar amsa ko da an gyara matsalar. Umarnin make distclean yana share wannan ajiya a fara daga farko. Idan kuma wani no ya ƙi fahimtuwa, a buɗe src/auto/config.log. A ciki akwai ɗan shirin da aka gwada, da umarnin da aka ba kwamfaila, da ainihin abin da ta ce. Sau da yawa dalilin fayil ɗaya ne da ba a samu ba.

Sauran aikin zaɓi ne, kuma a tsohuwar na'ura rage buri shi ne hikima. Sabar da ake shiga daga nesa ba ta buƙatar tagogi da linzami, don haka --enable-gui=no da --without-x suna kawar da tarin laburaren zane da za su iya kawo rigima. Zaɓin --with-features yana karɓar tiny ko normal ko huge, gwargwadon yawan abubuwan da ake so. Mai son Python zai ƙara --enable-python3interp, ya tuna cewa Python 3.6 ce a rumbun CentOS 7, wasu ƙarin kayan kuma sun wuce ta. Mafi muhimmanci shi ne --prefix, wanda ke faɗin inda za a ajiye editan. In aka ba shi $HOME/.local, komai zai zauna a kundin mai amfani, ba a buƙatar izinin shugaban na'ura, ba a kuma taɓa Vim ɗin da yum yake lissafi da shi ba.

Daga nan sai make, kayan aikin da Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976, ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya yana ginawa, sannan make install. A ƙara $HOME/.local/bin a farkon PATH, in ba haka ba tsohon editan ne zai ci gaba da amsawa. Umarnin vim --version zai jero abubuwan da ke ciki, alamar + ga wanda ya shiga, alamar - ga wanda aka bari. Duk wanda ya nemi Python ya ga -python3, to amsar tana cikin wani layin checking da ya wuce bai karanta ba.

Sabon edita ba ya mayar da tsohuwar saba sabuwa. Ramukan tsaron da aka gano bayan Yunin 2024 suna nan a buɗe, kuma editan da aka gina da hannu yum bai san da shi ba, sabunta shi ya rataya a wuyan wanda ya gina. Sai dai tsohuwar na'ura tana da wata daraja a wajen magina. Tunda abin da aka gina a kan tsohon glibc yana tashi a kan sabo, masu rarraba manhaja da gangan suke neman tsohon tsari su yi gini a kai. Ma'aunin manylinux2014, wanda masu kayan Python suka daɗe suna bi, a kan CentOS 7 da glibc 2.17 aka kafa shi saboda wannan dalili. Mai sabobi da yawa masu shekaru daban-daban zai iya bin sawunsu: ya gina editan sau ɗaya a kan wadda ta fi tsufa, ya duba da umarnin ldd waɗanne laburare yake nema, ya tabbatar suna nan a sauran, sannan ya kwafa.